Abin da Ke Sa Injin CNC Ɗingishi Bayan An Sauya Masa Kwamfuta

Ƙaramin injin CNC, wato injin yanka da sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, idan yana da ƙoshin lafiya ana gane shi tun daga bakin ƙofar shago, domin motocinsa suna fitar da wani siririn sauti da ke tashi a hankali idan ya ɗauki gudu, ya kuma sauka a hankali idan zai tsaya. Ranar da wannan sauti ya fara kakkaryewa, ana jin ƙwas-ƙwas a tsakiyar tafiya, gadar injin tana fizga kamar mai shaƙuwa, to akwai magana. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, matsalar takan ɓullo ne a daidai lokacin da suke ganin sun yi gyara: an ɗauke tsohuwar kwamfuta mai Windows XP wadda ta yi shekara da shekaru tana shan ƙurar katako, an kawo sabuwa wadda ta ninka ta ƙarfi, amma sai inji ya fara ɗingishi. Da'irar da a da take fita sumul yanzu idan aka shafa gefenta da yatsa sai a ji tabo-tabo, kuma idan aka umarci bakin yanka ya koma inda ya faro, sai ya tsaya gefe kaɗan da alamar fensir da aka yi masa.

Da yawa sukan fara da kwance sukurori, su zuba mai, su ɗaure bel, wasu har su sayi sabon moto. A ganina wannan ɓata lokaci ne matuƙar abu guda da aka taɓa shi ne kwamfuta. Inda aka sauya, nan ya kamata a fara dubawa, kuma kafin a duba sai an fahimci abin da inji yake nema a wurin kwamfuta, domin ba ƙarfi yake nema ba, kiyaye lokaci yake nema.

Yawancin ƙananan injinan nan suna amfani da moto mai taku, wato wanda ba ya juyawa a sake kamar na fanka, sai dai ya motsa taku-taku. Wanda ya fi yawa a kasuwa yana juya digiri 1.8 a kowane taku, taku 200 ke nan a zagaye guda. Akwatin direban da ke ba shi wuta yakan raba kowane taku zuwa ƙananan kaso domin tafiya ta yi laushi, kuma idan an raba gida 16, zagaye ɗaya yana bukatar bugun lantarki 3,200. A ce doguwar sukurun da ke jan gada tana matsar da ita milimita 5 a kowane zagaye, to kowace milimita tana cin bugu 640. Idan ana yanka da gudun milimita 1,500 a minti, wato 25 a daƙiƙa, dole a aika wa direba bugu 16,000 a kowace daƙiƙa, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuwa maikirosakan 62.5 ce kacal. Maikirosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mata suna lugude a turmi guda ya san cewa ba ƙarfin hannu ke riƙe da aikin ba. Idan ɗaya ta yi jinkirin ƙiftawar ido, taɓare za su gwaru, ko da kuwa ita ce ta fi kowa ƙarfi a cikinsu. Haka moto mai taku yake. Ƙarfen da ke juyawa a cikinsa yana bin maganaɗisun da bugun lantarki ke matsarwa ne, kuma yana da nauyin gada da sukur a bayansa. Idan kwamfuta ta shagala da wani aiki na tsawon maikirosakan 300, a lissafinmu na sama kusan bugu biyar ke nan suka makara, wato an ce wa moton da ke cikin gudu ya tsaya cak sannan ya koma gudunsa nan take. A ƙaramin gudu yakan jure, sai dai a ji ƙara da ɗan girgiza. A babban gudu kuwa, inda ƙarfin moto ya riga ya ragu, ƙarfen yakan kuɓuce wa maganaɗisun ya faɗa mazauni na gaba, kuma irin wannan kuɓucewa tana zuwa ne da cikakkun taku huɗu-huɗu. A injin misalinmu taku huɗu daidai yake da milimita 0.1. Saboda haka idan aka auna kuskuren da agogon awo, wato ma'auni mai allura da ke nuna ƙanƙanin motsi, aka ga yana zuwa 0.1, ko 0.2, ko 0.3, wannan alama ce mai ƙarfi cewa moto ne ke zubar da taku, ba mahaɗin sukur ne ke zamewa ba, domin zamewar mahaɗi ba ta da tsayayyen ma'auni.

Tambayar da za ta raba gardama ita ce: wane ne ke haifar da waɗannan bugu, kwamfutar ce da kanta ko wani allo ne a cikin akwatin injin? Amsar tana jikin wayar da ta haɗa su. Idan faffaɗar waya ce mai fil 25 da ke shiga tsohuwar kafar firinta, to kwamfuta ce makaɗiya. Idan wayar USB ce ko ta intanet irin ta ofis, to allon da ke cikin akwati ne ke kiɗan, kwamfuta tana miƙa masa umarni ne kawai. Cutar iri biyu ce, maganinsu ma daban.

Mu fara da kafar firinta, domin nan ne matsalar ta fi zurfi. Manhajar sarrafa inji ta Mach3, wadda Art Fenerty ya ƙirƙira a ƙarƙashin ArtSoft, ta yi farin jini ne saboda wata dabara: tana dasa nata direban, wanda ɗan guntun manhaja ne ba akwatin direban moto ba, a can ƙasan Windows, ya riƙa katse duk abin da kwamfuta ke yi a kan tsayayyen lokaci domin ya kunna ko ya kashe fil na kafar firinta. A saitin asali yana yin haka sau 25,000 a daƙiƙa, wato kowace maikirosakan 40, ana kuma iya ɗaga shi zuwa 35,000 ko 45,000 har zuwa 100,000. Wannan direba an yi shi ne domin Windows mai bit 32, daga zamanin XP zuwa Windows 7, kuma ba ya tashi ko kaɗan a kan mai bit 64. Windows 11 da ta fito a 2021 ba ta da nau'in bit 32 gaba ɗaya. To wanda ya ɗora Windows 7 mai bit 32 a kan sabuwar kwamfuta zai ga direban ya tashi, inji ya motsa, amma motsin ba irin na da ba ne, kuma dalilin yana cikin yadda ake ƙera kwamfutocin yanzu.

Tsohuwar kwamfuta ba ta da dabarun tattalin wuta sosai, ƙwaƙwalwarta tana gudu ɗaya daga safe har dare. Sabuwa kuwa an koya mata tsimi: idan ta ga aiki ya yi sauƙi sai ta rage gudu, ta rage wuta, har ta sa wasu sassanta gyangyaɗi na ɗan lokaci, kuma farkawa daga wannan gyangyaɗi tana cin maikirosakan masu yawa. Mai rubutu a kwamfuta ba zai taɓa lura ba, amma moton da ke jiran bugu duk maikirosakan 62.5 zai lura. Waɗannan dabaru suna cikin saitin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, da sunaye irin su SpeedStep a na Intel, Cool'n'Quiet a na AMD, da C-States, kuma matakin farko shi ne a kashe su duka, a kuma saita tsarin wutar Windows a kan cikakken aiki. Yana da kyau a gwada kashe Hyper-Threading da Turbo Boost su ma, ɗaya bayan ɗaya, ana dubawa. Wannan ne ma dalilin da ya sa laftof ba ta dace da wannan aiki ba ko da tana da kafar firinta, domin tsimin batir yana cikin ƙirarta, ba a raba ta da shi gaba ɗaya.

Ba sai an yi ta hasashe ba, akwai ma'auni. A cikin jakar da Mach3 ta sauka akwai wata 'yar manhaja mai suna DriverTest, wadda ke zana layi a kan fuskar kwamfuta gwargwadon daidaiton bugu. Layin da ya miƙe da 'yan ƙananan tsinke yana nuna kwamfuta ta dace, wanda kuwa yake harbawa sama da ƙasa kamar haƙoran zarto yana nuna ba ta dace ba. Haka kuma shafin Diagnostics na Mach3 yana nuna adadin bugu a daƙiƙa, kuma ya kamata lambar ta tsaya kusa da wadda aka zaɓa, ba ta riƙa lilo ba. Ina ba da shawarar a ja taga da linzami, a buɗe babban fayil, a sa filas a cire yayin da ake kallon lambar, domin sau da yawa katin hoto, musamman wanda ke haɗe da uwar allo, wato babban allon cikin kwamfuta, ko direban Wi-Fi, shi ne ke riƙe kwamfuta na ɗan lokacin da ya isa ya ɓata aiki. Idan inji yana fizga a daidai lokacin da hoton hanyar yanka ke sabunta kansa a fuska, to an kama ɓarawo, sai a kashe nunin a gwada, ko a sa wani katin hoto mai zaman kansa. Manhajar kashe bairos da mai neman sabuntawa ta intanet su ma ba su da gurbi a kwamfutar inji.

Masu amfani da LinuxCNC, wata manhajar sarrafa inji da ke aiki a kan Linux, wadda ta samo asali daga manhajar EMC ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, sun fi kowa sanin wannan batu, domin manhajar tana zuwa da gwajin latti kuma littafin jagorarta ya fayyace ma'auninsa. Idan mafi munin lattin bai wuce maikirosakan 15 zuwa 20 ba, kwamfuta za ta ba da sakamako mai kyau ta kafar firinta. Tsakanin 30 da 50 aiki zai yiwu amma gudun ƙoli zai ragu. Daga 100 zuwa sama ba ta dace da haifar da bugu da kanta ba, idan kuwa ya haura milisakan guda, to ba ta dace da LinuxCNC ba ta kowace hanya. Abin lura shi ne mafi munin latti ake aunawa, ba matsakaici ba, kuma dole a bar gwajin ya daɗe ana wahalar da kwamfutar. Jagorar ta kawo misalin wata uwar allo ta Intel wadda take aiki lafiya lau, amma duk bayan daƙiƙa 64 sai ta ɓace na maikirosakan 300. Mai laifi a nan shi ne abin da ake kira SMI, wata katsewa da BIOS ke yi a ɓoye, wadda ko Linux ko Windows ba sa ganinta balle su hana ta. Idan injinka yana tafiya sumul sannan ya yi fizga guda a kan tsayayyiyar tazara, ka ɗauki agogo ka ƙirga, domin wannan daidaito shi ne sa hannun SMI. Ana iya kashe ta a wasu allunan, amma da hattara, saboda a wasu kwamfutocin ita ke lura da zafi da fanka, kuma kashe ta na iya ƙona ƙwaƙwalwar.

Akwai wani ɓangare da ake yawan mantawa da shi, wato ƙarfin wutar kafar kanta. Tsofaffin kafofin firinta suna fitar da kusan bolt 5, amma da yawa daga cikin na baya-bayan nan, da katunan PCI ko PCIe da ake sakawa a kwamfutar da ba ta zo da kafa ba, bolt 3.3 suke bayarwa. Direbobi da yawa suna karɓar bugu ne ta wata 'yar fitila da ke ɓoye a cikinsu wadda aka lissafa ta a kan bolt 5, kuma idan wuta ta gaza, fitilar takan kama wani bugun ta saki wani. Gwajin yana da sauƙi: a ɗora mitar auna wuta a kan fil ɗin da ke nuna alkibla, a tura gada hagu a karanta, a tura ta dama a karanta. Idan lamba mafi girma ta tsaya wajen 3.3, to ana bukatar allon raba waya mai ƙara ƙarfi, wanda ke da nasa wutar bolt 5. Faɗin bugun ma yana da nasa hakki. Direban DM542, wanda ya cika kasuwa, yana bukatar kowane bugu ya kai aƙalla maikirosakan 2.5, siginar alkibla kuma ta riga shi da maikirosakan 5. Idan an saka Mach3 sabuwa aka bar waɗannan gurabe da ƙananan lambobi, to a ɗaga su zuwa 5 a shafin saita moto a sake gwadawa. Game da 'yar wayar nan da ke mayar da USB kafar firinta kuwa, kada a ɓata kuɗi, an yi ta domin firinta ne, ba ta iya wannan aiki.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi kowane dalili yawa, kuma ya fi kowane sauƙin gyara: sabuwar kwamfuta tana nufin sabuwar shigar da manhaja, sabuwar shigarwa kuma tana nufin duk saitin da aka yi shekaru ana daidaitawa ya tafi. Mach3 tana ajiye saitin inji a fayil ɗin XML, irin su Mach3Mill.xml, lasisinta kuma a fayil mai suna Mach1Lic.dat. Wanda ya manta da lasisin zai tarar da manhaja a matsayin gwaji, mai tsayawa bayan layi 500, kuma bugunta a kulle a 25,000. A injin misalinmu, 25,000 raba 640 yana ba da kimanin milimita 39 a daƙiƙa, wato wajen 2,340 a minti, don haka injin da ya saba gudun 3,000 a tsohuwar kwamfuta ba zai kai ba. Kuma duk lokacin da aka sauya wannan adadi, sai an rufe manhaja an buɗe, an kuma sake saita kowane moto. Idan tsohuwar kwamfuta tana nan, a kwafe waɗannan fayiloli biyu kafin a taɓa komai.

A cikin saitin da ke ɓacewa akwai wanda ke haifar da ɗingishin da ba shi da alaƙa da latti ko kaɗan. A harshen G-code, wanda da shi ake rubuta wa inji umarni, umarnin G61 yana cewa inji ya tsaya cak a ƙarshen kowane layi, G64 kuwa yana cewa ya haɗe layuka ya wuce da gudu ɗaya. Lanƙwasa a zanen fure ko haruffa sau da yawa ɗaruruwan gajerun layukan G1 ne, wato umarnin tafiya miƙaƙƙiya, kuma idan manhaja ta koma yanayin tsayawa cak, inji zai yi ta tashi da birki a kowane guntu. Rarrabe wannan da sauran ba shi da wuya. A rubuta umarni guda na doguwar tafiya miƙaƙƙiya, misali G1 X400 F1500, a ɗaga bakin yanka sama, a saurara. Idan miƙaƙƙen layi ya fita sumul amma lanƙwasa ce kaɗai ke fizga, to kwamfuta ba ta da laifi, a duba G64, a duba adadin layukan da manhaja ke hangowa gaba, wanda a Mach3 yake 20 a asali kuma ana iya ƙara shi, a kuma duba ko manhajar zane da aka sake sakawa ta daina fitar da G2 da G3, wato umarnin tafiya mai lanƙwasa, ta koma saran da'ira gunduwa-gunduwa.

Ga masu allon USB, misali manhajar GRBL a kan allon Arduino Uno, lattin kwamfuta na maikirosakan ba ya damunsu, domin ƙwaƙwalwar da ke kan allon, ATmega328P, ce ke haifar da bugu, har kusan 30,000 a daƙiƙa. Cutarsu yunwa ce. Allon yana da ɗan rumbun karɓa mai ɗaukar harafi 128 kacal, da wani na tsara tafiya mai ɗaukar layi goma sha 'yan kai, kuma umarni yana shigowa da gudun bit 115,200 a daƙiƙa, wato wajen harafi 11,500 a daƙiƙa. Idan kowane layi yana da harafi 28, layi 400 da ɗoriya ne ke iya wucewa a daƙiƙa, kuma idan kowane guntu milimita 0.05 ne, gudun ba zai kai milimita 21 a daƙiƙa ba ko da komai yana tafiya daidai. Da zarar manhajar aikawa ta ɗan shagala, rumbu ya ƙare, inji ya tsaya yana jira. Irin wannan ɗingishi yana da wata alama mai kwantar da hankali: inji yana rage gudu da ladabi ya sake tashi, kuma idan ya gama yana komawa daidai kan alamar fensir, domin bai zubar da taku ba. Maganinsa shi ne a kashe tsimin wutar USB a saitin Windows, a daina bi ta mahaɗar USB mai baki da yawa, a rage nauyin hoton da manhajar aikawa ke zanawa, a kuma sassauta tsananin daidaito a manhajar zane domin guntayen su yi tsawo.

Sai kuma hayaniyar lantarki, wadda ke shigowa ta bayan gida idan an sauya kwamfuta, domin galibi an sauya mata wuri, ko soket, ko an ja sabuwar waya ta bi gefen wayar moton yanka. Akwatin da ke sarrafa gudun wannan moto yana watsa hayaniya mai yawa, kuma USB ba ta da juriyarta. A gudanar da aikin a iska sau biyu, sau ɗaya moton yanka a kashe, sau ɗaya a kunne. Idan fizgar tana zuwa ne kawai yana kunne, to a raba wayoyin, a sa gajeriyar wayar USB mai sulke da zoben ferait, a kuma tabbatar inji da kwamfuta suna haɗe da wayar ƙasa ta gaskiya a wuri guda. Shagon da ke aiki da janareto, ko wanda soket ɗinsa rami uku ne amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba, ya fi kowa faɗawa wannan tarko.

Idan an kashe tsimin wuta, an dawo da saiti, an auna bolt, amma DriverTest ko gwajin latti ya ci gaba da nuna haƙoran zarto, to wannan uwar allo ba ta dace ba, kuma ban ga amfanin a yi ta fama da ita ba. Hanya biyu ta rage. Ta farko a dawo da tsohuwar kwamfuta, a busa mata ƙura, a cire ta daga intanet tunda Microsoft ta daina tallafa wa XP a 2014, Windows 7 kuma a 2020, a bar ta da aikin inji kaɗai, sabuwar kuwa a yi zane da ita a kai fayil da filas. Ta biyu, wadda na fi so ga mai niyyar daɗewa a sana'ar, a ɗauke wa kwamfuta kiɗan gaba ɗaya a damƙa shi ga allon da aka ƙera domin haka: UC100 na CNCdrive ko SmoothStepper na Warp9 ga masu Mach3, katunan Mesa irin su 7i92 ko 7i96 ga masu LinuxCNC. Da waɗannan, Mach3 tana aiki a kan Windows mai bit 64, LinuxCNC kuma tana wadatuwa da zagayen aiki na milisakan guda maimakon na maikirosakan ashirin da wani abu. Idan akwai zaɓi tsakanin nau'in USB da na wayar intanet, a ɗauki na wayar intanet, domin kafarta tana da 'yar tiransifoma da ke raba wutar kwamfuta da ta inji, kuma tana jure doguwar waya a shagon da ke cike da hayaniyar motoci. Bayan an haɗa, a maimaita gwajin miƙaƙƙen layi sau ashirin kai da komo da cikakken gudu, a ɗora agogon awo a mafari, a ga ko allura ta koma kan sifili.